Tsurar dalma ko mai riga? Tambayoyi da amsoshi kan harsashin ƙaramar libarba

Duk wanda ya shiga shagon sayar da bindigogi a Amurka ya ce a ba shi harsashin ƙaramar libarba, tambayar farko da mai shago zai yi masa ita ce: "Na dalma ko mai riga?" Kwalaye biyu ne za a ajiye masa a kan kanta, lambarsu ɗaya, duk suna shiga bindigarsa, amma farashinsu daban, aikinsu ma daban. Libarba ita ce ƙaramar bindigar hannu mai ganga a tsakiya, wadda ke juyawa tana kawo harsashi ɗaya bayan ɗaya saitin bututu. Maganar da ke ƙasa ta shafi masu ƙananan lambobi ne (lambar tana nuna kusan faɗin harsashi a inci), wato .22 da .32 har zuwa .38 Special, kuma maganar Amurka ce, inda doka ta bar farar hula ya mallaki irin wannan bindiga. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa libarba da fistol cikin makaman da aka haramta, sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Saboda haka mai karatu a Kano ko Zariya ya ɗauki wannan a matsayin sanin yadda abu ke aiki.

Mene ne ainihin bambancin harsashin dalma da mai riga?

Abin da muke kira harsashi a dunƙule kashi huɗu ne: kwanso, albarushi, ɗan ƙyastun da ke gindin kwanso mai tada wuta, sai kuma kan da ke fita ya tafi. Wannan kan shi ne abin muhawara. A na dalma, kan tsurar dalma ce, ko dalmar da aka garwaya da ɗan kuza da antimoni don ta yi tauri, an shafe ta da maiko ko kaki a cikin tsagar da ke kewaye da ita. A mai riga, dalmar tana nan a ciki, sai dai an lulluɓe ta da siririn ɓawo na jan ƙarfe. Yawanci rigar kashi 95 cikin ɗari jan ƙarfe ce, kashi 5 tutiya.

Wani hafsan sojan Suwizalan, Eduard Rubin, shi ya fito da harsashi mai riga a 1882, kuma dogayen bindigogin soja aka yi wa shi. Dalili kuwa sauri ne. Da bindigogi suka fara tura harsashi da gudun da dalma ba za ta jure ba, sai ta riƙa gogewa tana mannewa a bututu. Riga ta magance wannan. To abin da ya kamata mai ƙaramar libarba ya fara tambayar kansa shi ne: bindigata tana da irin wannan gudun da ya sa aka ƙirƙiro riga tun farko? Yawancin lokaci amsar ita ce a'a.

Waɗannan haruffan da ke jikin kwali fa, me suke nufi?

In ka ga harafin L a farko, dalma ce. LRN kan harsashi ne mai zagayen baki irin na da. LSWC mai faffaɗan baki ne da kafaɗa mai kaifi. WC, wanda maharba ke kira wadkata, kamar guntun alli yake, bakinsa a shafe, kuma yawanci a nutse yake cikin kwanso ba ka ganin komai ya leƙo. In ka ga J, akwai riga: FMJ rigar ta rufe baki da gefe amma gindi a buɗe, JHP mai riga ne da rami a baki don ya buɗe in ya daki abu, JSP kuwa an bar bakin dalmar a waje. TMJ an rufe shi ruf har gindi.

Nauyin kai da giren ake auna shi. Giren 7,000 ne laba ɗaya. Kan .38 Special na gargajiya giren 158 ne, kusan giram 10; na .22 LR giren 40, bai kai giram 3 ba.

Ina da libarba .22. Wanne zan zaɓa?

Idan .22 LR ce, masana'anta sun riga sun zaɓar maka. Wannan harsashi da ya fito a 1887 har yau da tsohon fasali ake yin sa: faɗin kan daidai yake da faɗin kwanso, yana da ɗan siririn dunduniya da ke shiga ciki, maikonsa a waje. Kusan duk wanda za ka saya na dalma ne. Masu launin ja da ake cewa an yi musu wankan jan ƙarfe ba riga ba ce, shafe ne mara kauri, wanda farce ma zai iya kankarewa. Amfaninsa shi ne bai cika ɗanko a hannu ba, kuma bai cika kwasar ƙura da zaren aljihu ba. Masu gasar harbin saiti sun fi son tsurar dalma mai maiko da matsakaicin gudu, don ta fi tafiya daidai. Kowace .22 tana da nata abincin da ta fi so, sai an gwada.

.22 Magnum, wadda Winchester ya fitar a 1959, wani gida ne daban. Ita da kai mai riga aka san ta, kwansonta ya fi kauri da tsawo. Akwai libarba irin Ruger Single-Six da ke zuwa da ganga biyu, ɗaya ta LR ɗaya ta Magnum. Kada a kuskura a sa harsashin LR a gangar Magnum don an ga ya shige. Ramin ya fi shi faɗi, kwanson zai iya tsagewa ya watso iskar wuta ta gefe.

Na gaji tsohuwar libarba .32 mai buɗewa ta sama. Zan iya sa mata mai riga?

Kafin maganar riga, a kai ta wurin maƙerin bindiga ya duba. Kamfanoni irin Iver Johnson da Harrington & Richardson sun ƙera irin waɗannan da yawan gaske tun ƙarshen ƙarni na 19, kuma da dama daga cikin na farko-farkon don baƙin albarushi aka yi su. Iver Johnson sai a samfurinsa na uku, daga 1909, ya gyara tasa don albarushi mara hayaƙi. Ƙarfensu ya fi na yanzu laushi, maƙullin da ke riƙe su a sama kuma shi ne raunin su.

In maƙeri ya ce lafiyarta ƙalau, to dalma, kuma mai sanyin caji. Harsashin .32 S&W na 1878 da .32 S&W Long na 1896 dukkansu da dalma aka haife su, gudunsu bai wuce ƙafa 700 zuwa 800 a daƙiƙa ba. Mai riga ya fi gogayya da bututu, yana buƙatar ƙarin ƙarfi kafin ya kutsa cikin tsagar bututun. A bindigar da tazarar da ke tsakanin ganga da bututu ta buɗe saboda tsufa, iskar da ya kamata ta tura kan sai ta zurare ta nan, kan ya tsaya a tsakiyar hanya. Harbi na biyu a kansa shi ke kumbura bututu ko ya fasa shi.

Turawan Ingila sun ɗanɗana irin wannan sauyi. Libarbarsu ta soja ta Enfield da kan dalma mai giren 200 aka fara ba ta. A ƙarshen shekarun 1930 suka koma mai riga na giren 178, saboda tsoron kada a ce dalma mai laushi ta saɓa wa yarjejeniyar Hague ta 1899 da ta hana harsashi mai baje wa a jiki lokacin yaƙi. Dalilin na doka ne, bindigar ba ta nemi canjin ba.

An ce dalma tana toshe bututu. Gaskiya ne?

Tana iya mannewa, amma mutane da yawa sun ɗora laifin a inda ba shi ba. Abin da aka fi ji shi ne wai dalmar ta yi laushi da yawa, don haka a nemi mai tauri. A ƙaramar libarba sau da yawa akasin haka ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Kan harsashi yakan fita daga kwanso ya bi ta wuyan ramin ganga, ya tsallake 'yar tazara, ya faɗa mazurarin da ke farkon bututu, sannan ya kama tsagar da ke murɗa shi. In kan ya cika hanyar tam, iskar wuta tana bayansa tana tura shi kawai. In ya yi siriri ko da kaurin gashi ne, iskar sai ta riƙa wucewa ta gefensa da zafi da ƙarfi, tana yanko ɓurɓushin dalma tana liƙa shi a bangon bututu. Na biyu ya zo ya goge a kan na farko, haka har tsagar ta cike, harbi ya fara watsewa.

Shi ya sa masu zuba kan harsashi da kansu suke cewa dacewa ta fi tauri. Ƙa'idarsu ita ce kan dalma ya fi faɗin bututu da kashi ɗaya cikin dubu na inci. Bututun .38 Special inci .357 ne, sai a ba shi dalma .358. Na .32 kusan .312 ne, sai a ba shi .313 ko .314. Dalma mai laushi tana da wata baiwa kuma: bugun albarushi yana kumbura gindinta ta toshe hanyar da kanta. Mai tauri sosai ba ta kumbura a ƙaramin matsi irin na .32 Long ko .38 Special. Tsurar dalma tana kusan 5 a ma'aunin tauri na Brinell, haɗin da ake kira Lyman lamba 2 yana kusan 15, dalmar tsofaffin injinan buga jarida kuwa tana kai 22. Ka ɗauki kai mai taurin 20, siriri, ka sa a sanyin caji, ka haɗa duk abin da ke kawo mannewa a wuri guda.

Akwai kuma matsalar da ke cikin bindigar kanta. Idan wuyan ramukan ganga ya fi bututu matsewa, kowane kai zai matsu ya sirance kafin ya isa bututun, ko wane iri ka saya. Maƙeri yana iya auna wuyan ya buɗa shi kaɗan. Mai riga bai damu da wannan ba sosai, shi ya sa wasu bindigogin suke harba shi da kyau amma su ɓata da dalma.

Inda dalmar ta manne ma yana ba da labari. In a farkon bututu ne kusa da mazurari, matsalar dacewa ce. In can kusa da baki ne, maiko ne ya ƙare kafin kan ya fita, ko gudun ya yi yawa.

Daga wane gudu ne riga take zama dole?

Babu layi guda da aka ja, amma abin da aka saba shi ne dalma mai laushi irin ta kamfani tana zaman lafiya ƙasa da ƙafa 1,000 a daƙiƙa, wajen mita 300 kenan. Sama da haka sai an ƙara tauri, ko a sa wa gindin ɗan kofin jan ƙarfe mai kare shi daga wuta, ko a koma riga. Dubi matsin da ƙungiyar SAAMI, mai tsara ma'aunin harsasai a Amurka, ta ƙayyade: .32 S&W Long laba 15,000 a kan murabba'in inci, .38 Special 17,000, mai alamar +P, wato mai ƙarin caji, 20,000. Amma .327 Federal Magnum, duk da faɗin kanta irin na .32 ne, tana kai 45,000. A nan riga ta sami wurin zamanta. Ita kuwa .32 H&R Magnum ta 1984 tana tsakiya, tana cin kowanne.

Wanne ya fi daidai a harbin saiti?

A wannan dalma ce sarauniya, kuma ba na jin akwai gardama mai ƙarfi. Wadkata mai giren 148 a .38 Special da mai giren 98 ko 100 a .32 S&W Long su ne abincin masu gasa tun da daɗewa, har a gasar mita 25 ta ƙasa da ƙasa. Dogon gefensa yana kama bututu da kyau, shurinsa kaɗan ne, kuma yana huda takarda da rami tsaf kamar an sa abin huda takardun ofis, wanda ke sauƙaƙa wa alƙali ƙirga maki in ramin ya taɓa layi.

Wani abu da sabon mai bindiga ke mamaki: tsofaffin libarba masu saitin da ba ya motsi an daidaita su ne da nauyin kai na gargajiya. A .38 Special giren 158 kenan. In ka sa mata mai riga mara nauyi, giren 110 ko 125, sai ka ga yana sauka ƙasa da inda ka auna. Dalili shi ne mai sauri yana barin bututu tun bakin bindigar bai gama ɗagawa ba. Bindigar lafiya take, harsashin ne ba nata ba.

Mai riga yana cinye bututu?

Ya fi dalma gogewa, wannan gaskiya ne, amma a bindigar zamani mai lambar .32 ko .38 mutum zai ƙarar da kuɗinsa kafin ya ƙarar da bututun. Abin da ke cin ƙarfe da gaske shi ne zafin wutar caji mai ƙarfi. Misalin da aka fi sani shi ne Smith & Wesson Model 19, wadda mazurarinta ke da siririn wuri ta ƙasa, kuma an sha ganin ya tsage bayan an daɗe ana ɗura mata .357 Magnum mai riga na giren 125. Wannan labarin Magnum ne, bai shafi mai harba .32 Long ranar Asabar ba.

Me ya sa aka rubuta wa wasu libarba marasa nauyi cewa mai riga kaɗai za a sa?

Wannan shi ne wuri guda da ƙaramar libarba ke ƙin dalma, kuma dalilin yana da ban sha'awa. Smith & Wesson ya ƙera wasu masu gangar titaniyam, irin Model 342, da nauyinsu kusan rabin na ta ƙarfe ne, ya kuma rubuta a jikin bututun cewa in +P ne, to mai riga. Bindiga mara nauyi tana zabura baya da sauri in an harba. Kwansunan da ke jira a sauran ramuka suna bin ta baya, amma kawunansu masu nauyi suna so su tsaya inda suke. Kowane harbi sai kan ya ɗan zaro daga kwanso. Dalma tana da santsi da maiko, bakin kwanso bai riƙe ta kamar yadda yake riƙe jan ƙarfe ba. Kafin a kai na huɗu ko na biyar, kan ya leƙo ta gaban ganga ya tokare, gangar ta ƙi juyawa, bindiga ta zama guduma.

Duk abin da aka zana a jikin bututu ko aka rubuta a littafin da ya zo da bindiga ya fi ra'ayin kowa, har da nawa.

Don tsaron gida fa, kamar yadda Amurkawa da yawa ke ajiye ta?

A nan ne muhawarar ta fi zafi, kuma ɓangarorin biyu suna da hujja. Matsalar gajeren bututu ce. Libarba irin Colt Detective Special ta 1927 ko Chiefs Special ta Smith & Wesson ta 1950 bututunsu inci biyu ne ko ƙasa da haka, ba sa ba kai gudun da zai tsaga riga ya buɗe. Masu riga na farko da suka yi tashe a shekarun 1960 sau da yawa sukan wuce ba su buɗe ba daga irin wannan bututu. Shi ya sa 'yan sandan Amurka da dama, har da hukumar FBI, suka daɗe suna amfani da dalma mai laushi mai rami a baki, giren 158 da alamar +P, har aka riƙa kiran sa cajin FBI. Dalmar da ba ta da riga ta fi saurin baje wa a ƙaramin gudu.

Daga baya kamfanoni suka gyara riga ta yadda za ta buɗe a gajeren bututu. Harsashin Gold Dot na kamfanin Speer mai giren 135 an tsara shi ne musamman don ƙananan libarbar 'yan sandan New York. Tun bayan musayar wutar da jami'an FBI suka yi da 'yan fashi a Miami a 1986, ma'aunin da FBI ta kafa shi ne kai ya shiga inci 12 zuwa 18 a cikin daskararren ruwan gwaji mai kwaikwayon naman jiki. A .32 Long da .22 ƙarfin bai isa a sami buɗewa da zurfi lokaci guda ba, sai dai a zaɓi ɗaya, shi ya sa wasu masana ke cewa a bar musu mai faffaɗan baki kawai. Sannan dokokin jihohi sun bambanta. New Jersey, alal misali, ta taƙaita yawo da harsashi mai rami a baki, ko na dalma ne ko mai riga.

Dalma ba guba ba ce? Wanne ya fi aminci ga lafiya?

Guba ce, kuma mu ba sai an yi mana dogon bayani ba. A 2010 gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Zamfara, ta bar wasu da yawa da lahani a ƙwaƙwalwa. Ƙurar da iyaye suka shigo da ita gida a jiki da tufafi ce ta yi ɓarnar. Hanyar da mai harbi ke kai dalma ga 'ya'yansa ke nan ita ma, ko da yake yawan ba ɗaya ba ne.

Dalma tana narkewa a digiri 327 na ma'aunin Salshiyas, wutar albarushi kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Duk harbi yana ƙona ɗan gindin kan ya mai da shi hayaƙi. Libarba ta fi fistol watsa wannan, domin tana fitar da iska ta tazarar ganga, dab da hannu da fuska. A fili, inda iska ke kaɗawa, abin da sauƙi. A filin harbi na cikin gini kuwa, shi ne babban dalilin da zai sa in ce wa mutum ya biya kuɗin riga. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka ta ƙayyade maikrogiram 50 na dalma a kowace mita kubik ta iskar wurin aiki, kuma filayen cikin gini da yawa sun hana tsurar dalma baki ɗaya.

Sai dai a lura da abu biyu. FMJ gindinsa a buɗe yake, wuta tana taɓa dalmar. TMJ da JHP su ne masu rufaffen gindi. Na biyu, ƙyastun da ke gindin yawancin kwansuna shi ma da sinadarin dalma aka yi shi, don haka riga tana rage hayaƙin ne, ba ta kawar da shi ba, sai in an sayi wanda aka rubuta cewa ƙyastunsa ba dalma. Ko wanne aka harba, a wanke hannu da fuska da sabulu kafin a ci abinci, a ware kayan da aka sa, mai ciki da ƙananan yara kuma su nisanci filin cikin gini. Wanda ke harbi kowane mako ya riƙa gwajin jini.

Don farautar zomo da kurege fa?

.22 da .32 Long masu faffaɗan bakin dalma sun daɗe suna wannan aiki, suna kashewa ba tare da sun dagargaza nama ba. Amma a duba dokar jiha. Kalifoniya ta hana farauta da duk harsashi mai dalma tun 1 ga Yuli 2019, saboda manyan ungulayen da ake kira condor da ke mutuwa in sun ci mushen da ɓurɓushin dalma ke ciki. A can riga ba ta fitar da kai, tunda dalmar na nan a ƙarƙashinta. Sai kan da aka yi da tsurar jan ƙarfe.

Akwai wurin da ake hana mai riga?

Akwai. Gasar harbi irin ta kaboyi da ƙungiyar SASS ke shiryawa tsurar dalma kaɗai ta yarda da ita, kuma gudun na libarba kada ya wuce ƙafa 1,000 a daƙiƙa. Farantan ƙarfe ake harbi daga kusa. Dalma tana baje wa a jikinsu ta zube, guntun riga kuwa yana iya dawowa kan mai harbi ko 'yan kallo.

Na ga wasu masu launin ja, shuɗi ko kore. Su kuma fa?

Dalma ce da aka shafe da roba aka gasa. Ra'ayin ba sabo ba ne, harsashin Nyclad mai rufin nailan ya daɗe da yin sa, kamfanin Federal kuma ya fito da Syntech a 2016. Ba maiko, hayaƙi kaɗan, ba ta mannewa sosai, kuma tana da laushin dalma a bututu. Ga mai .32 ko .38 da ke son arahar dalma amma ya gaji da kankara, wannan ne zan fara nuna masa. Akwai kuma waɗanda aka yi wa rufin jan ƙarfe ta hanyar lantarki, sun fi shafen .22 kauri amma ba su kai riga ba.

Gaskiya ne in na harba masu riga biyu-uku a ƙarshe za su share dalmar?

Wannan al'ada ta yaɗu, kuma ban yarda da ita ba. In mannewar kaɗan ce, buroshi ma zai cire ta. In ta yi kauri, ka matse hanyar ke nan, kai mai tauri zai bi ta da ƙarin matsi, sannan ya goge sauran dalmar ya daɓe ta cikin tsaga kamar an yi guga. Bututun zai yi sheƙi a ido, dalmar tana nan.

Hanyar da ke aiki mai sauƙi ce: a warware zaren soson wanke tukunya na tsurar jan ƙarfe a naɗa a tsohon buroshin bututu a riƙa turawa. A gwada soson da maganaɗisu tukuna, don wasu baƙin ƙarfe ne aka yi wa fenti, su kuwa za su karce bututu. Akwai kuma na'urar Lewis Lead Remover mai ragar tagulla, wadda ke share har mazurari. Haɗin ruwan binega da haidurojin feroksaid da wasu ke yabawa yana narkar da dalma, amma ruwan da ke fita guba ce mai ratsa fata, a bar shi. Ƙyallen cire dalma da ake sayarwa kuma yana goge baƙin launin bindiga, farar ƙarfe mara tsatsa kaɗai ya dace da ita.

Kada a manta da ramukan ganga. Wanda ke harba gajeren kwanso a dogon rami, kamar .32 Long a gangar .327 ko .38 Special a ta .357, zai tara zoben maiko da toka a inda gajeren ya tsaya. Ranar da ya sa dogon, sai ya ƙi shiga, ko ya shiga ya ƙi fita.

.38 S&W da .38 Special ba abu ɗaya ba ne?

A'a. .38 S&W na 1877 ya fi gajarta kuma ya fi kauri, kansa kusan inci .361 ne. Tsofaffin libarba masu wannan lamba dalma ce abincinsu. A karanta abin da aka zana a bututu harafi da harafi.

To in zan gwada da kaina, yaya zan yi?

Sayi kwali ɗaya na kowanne, masu nauyi kusa da na gargajiyar lambar bindigarka. Fara da bututu mai tsabta. Ɗora hannu a kan jakar yashi, ka harba rukuni uku ko huɗu na kowane iri a nisan yadi 15, kana share bututun in za ka canza daga riga zuwa dalma, domin ragowar jan ƙarfe yana kama dalma. Duba abu uku: wanne ya fi taruwa wuri guda, wanne ya sauka inda saitin ya nuna, sannan ka haska bututun da tocila bayan harbi hamsin ka ga ko akwai zane-zanen toka-toka bayan mazurari.

In bindigar mara nauyi ce, ƙara gwaji ɗaya. Cika gangar, ka yi wa harsashi ɗaya alama da alƙalami, ka harbe sauran ka bar shi. Fito da shi ka jera shi da sabo daga kwali a kan tebur. In ya fi sabon tsawo, wannan kwalin ba na bindigarka ba ne. Kuma duk lokacin da harbi ya yi ƙara mara ƙarfi ko shurin ya yi sanyi fiye da na baya, tsaya nan take, buɗe ganga, zazzage kwansunan, ka zura sanda ta bututun ka tabbatar ta fita ta ɗaya gefen kafin ka sake ɗurawa.